Bashin Da Gona Take Bin Manomi Bayan Girbi

Sanin kowa ne cewa idan kaka ta yi, aka yanke gero da dawa, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, hankalin manomi yakan koma kan abin da ya shiga rumbun nan ne kawai. Dami nawa aka samu bana, ya fi na bara ko bai kai ba. Abin da aka baro a gona kuwa, watau kara da karmami da tushiya da ƙaiƙayi, ba kasafai akan sa shi cikin lissafi ba. Alhali da za a ɗora hatsin a sikeli, a ɗora karan, da an ga karan ya rinjaye shi nesa ba kusa ba, musamman doguwar dawarmu ta gida irin su farafara, wadda karanta yakan ninka tsabarta sau uku ko fiye. To, duk wannan tarin kaya daga gona ya fito. Abin da nake so mu duba tare, ni da 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu manoma, shi ne ina yake zuwa, kuma ta wace hanya za a mai da wa gona rabonta a ciki.

Da farko ya kamata mu san da me aka gina kara. Da yawa daga cikinmu muna zaton shuka ƙasa take ci ta girma, kamar yadda yaro yake cin tuwo. Wani masani mai suna Jan van Helmont, mutumin ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, ya gwada wannan zance fiye da shekara 350 da suka wuce. Ya auna busasshiyar ƙasa fam 200 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin fam 5, bai ba shi kome ba sai ruwa har shekara 5. Da ya tumɓuke itacen ya auna, sai ya tarar ya kai fam 169, ƙasar kuwa abin da ta ragu bai wuce oza 2 ba. Shi a ganinsa ruwa ne ya zama itace. Daga baya masana suka gano cewa mafi yawan jikin busasshen itace, ko kara, daga iska yake zuwa. Ganye yana shaƙar wata iska mai ɗauke da sinadarin kabon, ya haɗa ta da ruwa da taimakon hasken rana, ya yi sukari, da sukarin nan ake gina kara da saiwa da tsaba. Abin da shuka take ɗauka daga ƙasa ɗan kaɗan ne in an auna, amma kamar gishiri yake a miya, in babu shi an yi aikin banza.

Manya daga cikin waɗannan abincin ƙasa guda uku ne, kuma su ne haruffan nan da muke gani a jikin buhun takin zamani, N da P da K. Naitirojin shi ke sa ganye ya yi kore shar. Fosfaras yana taimakon saiwa da ƙosawar tsaba. Fotasiyam kuwa yana ƙarfafa kara, ya taimaki shuka ta jure ƙishirwa da cuta. Abin lura shi ne yadda shuka take rarraba su a jikinta. Mafi yawan naitirojin da fosfaras cikin tsaba suke taruwa, saboda haka sukan bi dami zuwa rumbu, daga rumbu zuwa kasuwa. Fotasiyam kuwa a kara yake zama. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan, ko da yake ba su kiransa da wannan suna. In kanwa ta yanke a gida, sai a ƙona karan gero, a tara tokar a wata tukunya mai huji, a zuba ruwa ya tsiyaye, a sami ruwan toka a sa a miya. Kaifin nan na ruwan toka fotasiyam ne wanda gero ya zuƙo daga gona.

Masu binciken shinkafa sun auna abin sosai. Sun sami cewa wajen kashi 80 cikin 100 na fotasiyam da shinkafa ta sha yana nan cikin karanta bayan an sussuke, haka nan wajen kashi 40 cikin 100 na naitirojin. Tan 1 na busasshen karan shinkafa yana ɗauke da naitirojin kilo 5 zuwa 8, da fotasiyam kilo 12 zuwa 17. Bari mu yi lissafi irin na aji. Buhun kamfa mai kilo 50, wanda aka rubuta wa 15-15-15, kilo 7 da rabi ne na kowane ɗayan ukun nan a cikinsa. Ke nan tan 1 na karan shinkafa yana da fotasiyam na wajen buhu 2 na kamfa, da naitirojin na kusan buhu 1. Manomin Kura ko na fadamun Kabi wanda ya sami tan 4 na shanshera a hekta guda, yakan bar kara kusan tan 4. Duk wanda ya je sayen taki tun daga shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, ba ya bukatar a gaya masa abin da buhu 8 yake nufi.

To, me muke yi da shi? Wani a ɗaure a kai gida, wani dabbobi su cinye a gona, saura kuma in bazara ta yi, lokacin sharar gona, a tattara shi tsibi tsibi a cinna masa wuta. Ba don wauta iyayenmu suke ƙonawa ba. Gonar da aka share da wuta ta fi daɗin huɗa, garma ba ta sarƙewa. Macizai da kunamu ba su sami wurin ɓuya ba. Wuta tana kashe tsutsar da ke kwance cikin kara, ga shi kuma aikin kwana uku ya zama na yamma ɗaya. Har ma kowa ya lura cewa wurin da aka ƙona tsibi, shukarsa takan fi ta gefe kyau a shekarar nan, shi ya sa wasu suke cewa ai toka ma taki ce.

Gaskiya ne toka taki ce, amma taki ce wadda aka yi wa sata. In kara ya ƙone, kusan duk naitirojin da ke cikinsa yana bin hayaƙi ya tafi sama. Abin da ya rage a toka fotasiyam ne da fosfaras da 'yan'uwansu, su ma in iskar bazara ta taso sai ta kwashe rabi ta kai gonar maƙwabci ko ta zuba a hanya. Kyan da ake gani a wurin tsibi kuwa, abincin fili mai faɗi ne aka tara a wuri ɗaya. Babbar hasara ma ba ita ce wannan ba. Babbar hasara ita ce jikin karan kansa, watau kabon ɗin nan da rana da iska suka tara a kyauta tun daga shuka har girbi. Shi ne in ya ruɓe yake zama baƙar ƙasa mai laushi, irin wadda muke gani a gindin tsohon juji ko a tsohon kufai. Baƙar ƙasan nan ita ke riƙe ruwa kamar soso, ita ke riƙe abincin shuka kada ruwan sama ya wanke shi zuwa can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancinta ƙwarai, a wurare da yawa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Zuba takin zamani a irin wannan rairayi kamar zuba ruwa a kwando ne, ana zubawa yana zurarewa.

Ba mu kaɗai muke da wannan matsala ba. A ƙasar Indiya, a jihohin Fanjab da Hariyana, manoma suna girbe shinkafa da inji, kuma 'yan makonni kaɗan ne tsakaninsu da shuka alkama. Saboda gaggawa sai su banka wa karan wuta, har hayaƙin yakan turnuƙe birnin Delhi a watannin Oktoba da Nuwamba, ya kai ga rufe makarantu. A 2020 cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar ta fito da wani haɗi na fumfuna wanda ake fesa wa kara don ya ruɓe da wuri. Wannan ya kawo mu ga ainihin zancen, watau mene ne ruɓewa, kuma su wa ke yin ta.

Kara ba ya ruɓewa don kansa, cinye shi ake yi. Cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai ƙananan halittu miliyoyi, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Wasu bakteriya ne, wasu fumfuna ne irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Sa'an nan ga manyan ma'aikata waɗanda ido yake gani, kamar gara da tana da ƙadandoniya da buzuzu. Manyan su daddatsa, ƙananan su ƙarasa. Suna ci suna numfashi, su mutu wasu su cinye su, ta haka ne abincin da ke ɗaure cikin kara yake kwancewa sannu a hankali, ya koma yadda saiwa za ta iya shansa. Bukatunsu irin namu ne: ruwa, da iska, da ɗumi, da abinci mai daɗi.

A kan abinci mai daɗin nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Halittun nan suna son kabon don ƙarfi, suna son naitirojin don gina jiki, kamar dai tuwo da miya. Abin da ya fi yi musu daidai shi ne kabon kashi 25 zuwa 30 a kan naitirojin kashi 1. Busasshen karan dawa ko na masara ko na shinkafa kuwa yana da kabon kashi 60 zuwa 80, wani ma fiye, a kan naitirojin kashi 1. Watau tuwo ne tuli, miya kuwa 'yar kaɗan. Harawa da ɗanyen ganye da kashin dabbobi su ne masu miya, domin nasu wajen 20 ne ko 25. To, in manomi ya binne busasshen kara mai yawa ya yi shuka nan take, halittun nan sai su rasa miya a cikin karan, su juya su wawashe naitirojin ɗin da ke cikin ƙasa, wanda shuka take jira. Bayan mako biyu ko uku sai a ga masara ta yi ɗorawa, ta tsumbure. Mai gona ya ce kara ya ƙone masa shuka, ya rantse ba ya sake binnewa. Alhali rance ne halittun suka ci, kuma za su biya in sun gama aiki suka mutu, sai dai biyan yakan zo bayan shuka ta riga ta sha wuya. Maganin abin shi ne a ba su lokaci kafin shuka, ko a haɗa musu karan da kashin dabbobi, ko a ɗan barbaɗa yuriya a kai.

Akwai kuma wani cikas wanda ya shafi ƙasarmu musamman. Littattafan aikin gona da yawa an rubuta su ne don ƙasashen da ƙasa take da danshi bayan girbi, inda za a daddatse kara da inji a juye shi cikin ƙasa, kafin wata shukar ya narke. Mu kuwa girbi yana ƙarewa ruwa ya ɗauke. Daga Oktoba har Mayu, wata 7 ko fiye, ƙasa ta bushe ƙayau, bakteriya da fumfuna duk sun yi barci. Karan da aka bari a watan Nuwamba, haka za a tarar da shi a watan Afrilu, in dai dabba ba ta ci ba. Cikin ma'aikatan nan duka, gara ce kaɗai ba ta hutun rani, domin tana ɗauko danshi daga can ƙarƙashin ƙasa.

Mun saba ɗaukar gara abokiyar gaba, kuma da dalili, tun da tana cin azara da rumbu da littattafanmu in mun bar akwati a ƙasa lokacin hutu. Amma a gona tana da wani aikin da babu mai yin sa sai ita. Kowa ya san fako, ƙasar nan mai tauri wadda ruwa yake gudu a kanta ba ya shiga, ko ciyawa ba ta fitowa. Manoman Nijar da na Burkina Faso sukan shimfiɗa kara da rassan itace a kan fako su bar shi. Gara ta zo cin karan, ta huhhuje ƙasar da ramuka, ta fito da ƙasar ciki waje. In damina ta faɗi ruwa ya bi ramukan nan ya shiga, cikin shekara ɗaya ko biyu sai a ga ciyawa ta tsiro. A kan wannan dabara aka gina abin da Mosawa suke kira zai, Hausawan Nijar kuma suke kira tassa. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka jere a fako, faɗin kowane kamar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Iska ta ƙara zuba ganye da ƙura a ciki, gara ta yi aikinta, in ruwa ya sauka a shuka gero a ramin. Wani manomi na lardin Yatenga a Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, ya shahara da gyara wannan tsohuwar dabara tun wajen 1980, har aka ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin a 2018, ya rasu a 2023. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga suka gani da idonsu, suka komo suka gwada, har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba mai so.

A Nijar ɗin dai, a wani wuri da ake kira Sadore kusa da Yamai, akwai tashar bincike ta cibiyar ICRISAT. A 1983 masana, cikinsu har da Andre Bationo, suka fara wani gwaji mai sauƙin fahimta. Suka raba fili huɗu suna shuka gero kowace shekara. Na farko ba a sa masa kome, kuma ana kwashe karansa. Na biyu ana shimfiɗa masa kara. Na uku takin zamani kawai. Na huɗu kara da takin zamani tare. Cikin 'yan shekaru filin farko ya faɗi zuwa kilo 160 a hekta. Mai kara ya ba da kilo 770, mai takin zamani kilo 1,030, wanda aka haɗa masa biyun kuwa kilo 1,940. Abin mamaki shi ne tun kafin karan ya gama ruɓewa ya fara aiki. Yana tare rairayin da iskar farkon damina take watsa wa ƙananan shuka har ta binne su, yana rage zafin ƙasa, yana kuma kama ƙurar hunturu. Ƙurar nan da muke tsaki a kanta, mai sa mu mura da faso, mafi yawanta daga wani busasshen tafki take tasowa a arewacin Cadi, kuma tana ɗauke da fotasiyam da sauran abincin ƙasa. Gonar da aka share tas ba ta da abin riƙe ta.

A nan gida ma, a Samaru ta Zariya, akwai filin gwaji wanda aka fara tun 1950, inda ake kwatanta kashin shanu da takin zamani. Darasinsa ɗaya ne da na Sadore. Filin da aka daɗe ana ba shi naitirojin na buhu shi kaɗai yakan yi tsami ya gaji, wanda ake haɗa masa da takin gida kuwa yana riƙe ƙarfinsa. Tun zamanin shirin Ciyar Da Ƙasa na 1976, lokacin da takin zamani ya yi araha saboda rangwamen gwamnati, wasu suka ɗauka an gama da mangala da jaki. A ganina wannan kuskure ne. Haka nan wanda zai ce a watsar da takin zamani a koma ga kara kaɗai, shi ma bai yi lissafi ba, domin fosfaras ɗin da ya bi hatsi zuwa kasuwa kara ba shi da shi da zai mayar, kuma ƙasarmu tun asali tana da ƙarancinsa.

Yanzu sai wani daga cikin iyayenmu ya ce, to ɗan makaranta, mun ji Turancinka, amma in mun bar kara a gona da me za mu yi danga, da me za a hura wuta, me tumaki za su ci a watan Afrilu? Wannan tambaya ce ta gaskiya. Kara a wurinmu ba shara ba ne. Da shi ake darni, da rufin ɗaki, da gado, da girki, harawa kuwa kuɗi ce tsaba, har dillalai gare ta. Wanda ya bar kara shimfiɗe a gonar da ba ta da shinge, dabbobin gari ya yi wa sadaka. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a bar shi duka. Abin da za a duba shi ne, duk hanyar da ya bi ya fita, a nema masa hanyar komowa.

Hanya mafi sauri ita ce cikin dabba. Tumbin saniya cike yake da irin halittun nan masu ruɓar da kara, ga ɗumi ga danshi, ba ruwansa da rani. Abin da zai shekara a fili, cikin kwana biyu ko uku ya zama taki. Wannan shi ne asalin tsohuwar ma'amalar nan tsakanin manomi da Bafillace, inda mai gona yake roƙon mai shanu ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya ba shi dami, shanu su ci karmami su bar kashi. Ma'amalar ta yi rauni a wurare da yawa, saboda yanzu kara ya zama abin sayarwa, ga kuma rashin jituwa, kuma gona tana cikin waɗanda suka yi hasara. Manoman kewayen birnin Kano su kuma hanyarsu dabam. Sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, abin da ya ba masana irin su Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, sha'awa har suka yi ta rubutu a kai. Sukan kwashe kara da harawa kaf su kai gida, su ciyar da awaki da tumaki a turke, tokar murhu da sharar tsakar gida duk a tara, da rani jakuna su yi ta jigilar mangaloli zuwa gona, har da takin bolar birni. Sai dai bolar yanzu ba irin ta da ba ce, ta cika da leda da batir da kwalabe, dole a tsince kafin a kai gona.

Akwai wata ɓarna a turke wadda ba a cika lura da ita ba. Kashi muke tarawa, amma babban rabo na naitirojin da mafi yawan fotasiyam da dabba take fitarwa cikin fitsari suke. Zarnin nan da ke tashi a garke, naitirojin ne yake gudu. In an riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntun shinkafa ko ragowar karan da dabbobi suka ƙi ci a ƙarƙashinsu, shimfiɗar za ta shanye fitsarin, dabbobi su tattake ta, tuwo ya sami miya ke nan ba tare da an sayi kome ba.

Abin da ya saura, sai rami. Wani Bature mai suna Albert Howard shi ya tsara wannan hanya a rubuce, bayan ya yi shekaru yana lura da manoman Indiya, ya gwada ta a garin Indor daga 1924 zuwa 1931. Ga yadda ake yi. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kada ya wuce mita 1, faɗi kamar mita 1 da rabi, tsawo gwargwadon kayan da ake da su. A daddatse kara da adda guntu guntu, domin dogon kara mai santsin baya yana daɗewa bai sha ruwa ba. A shimfiɗa shi kaurin taƙi ɗaya, a bi shi da kashin dabbobi ko ɗanyen ganye kaurin yatsa uku ko huɗu, a barbaɗa 'yar ƙasa da 'yar toka, a yayyafa ruwa. Kada tokar ta yi yawa, don in ta haɗu da ɗanyen kashi tana korar naitirojin. A yi ta maimaitawa har rami ya cika, a rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma, a soka doguwar sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro sandar a taɓa. In ta yi zafi, ma'aikata sun kama aiki, kuma zafin yakan kai digiri 60, wanda ya isa ya kashe yawancin irin ciyawa da tsutsotsi. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga, sai a juya. Danshin da ake so shi ne in ka dunƙula a hannu ya jiƙa maka tafi amma bai zubo ba. A riƙa juyawa kowane mako biyu ko uku. Cikin wata 3 zai zama baƙi, mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko, ba a gane kara a cikinsa.

Inda ruwa yake wuya, ruwan wanke-wanke da na alwala sun isa su taimaka in ramin yana kusa da gida. In wannan ma bai samu ba, sai a cika rami da rani a bar wa damina ta jiƙa shi, a yi amfani da takin baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran zancen tsutsar kara, wadda na ambata a baya. Tana shiga cikin karan gero da na dawa ta kwanta duk tsawon rani, in ruwa ya sauka ta zama malam-buɗe-littafi na dare, ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Karan da aka bari a tsaye, ko aka jingine a inuwa, ko aka yi danga da shi kusa da gona, gidan haya ne aka ba ta. Wanda aka sare tun da wuri aka kwantar a ƙasa falle falle kuwa, zafin rana yana kashe mafi yawanta, gara da cinnaka su ƙarasa. Saboda haka mai son barin kara a gona ya sare shi ya shimfiɗa, kuma in gonar ta yi fama da tsutsa ko wata cuta a bana, gara karanta ya bi ta rami mai zafi ko ta murhu.

In taki ya nuna, kada a kai shi gona tun da wuri a jibge ƙananan tsibi rana ta yi ta dukansa wata da watanni. A kai shi dab da saukar ruwa, a zuba a kwari a huɗe a kansa. In kaɗan ne, a sa cikin tafin hannu a kowane ramin shuka maimakon a watsa ko'ina.

Gwajin Sadore kuwa ba ya fi ƙarfin gonar makaranta. 'Yan ƙungiyar manoma za su iya auna fili huɗu, kowane taku 10 tsawo taku 10 faɗi, a kewaye su da ƙaya don awaki, a shuka iri ɗaya rana ɗaya, da kaka a sussuke na kowane fili dabam a auna a sikelin ɗakin kimiyya. Sai a rubuta nauyin a littafi a bar wa 'yan ajin da ke biye, domin bambancin ba ya fitowa sosai sai a shekara ta biyu ko ta uku.